Yadda ake leƙen robon abokan hamayya ranar gasa

'Yan lakkwal na Yamai masu shirin gasar robo (mutum-mutumin inji), ga yadda za ku yi. Da farko ku ware mutum biyu, kowa da kaye da bik, su zauna inda suke ganin fili sosai. Kowane wasa su rubuta lambar ekip, maki nawa robonsu ya ci, a wane gefe yake son tsayawa, kuma in ya maƙale ko batir ya mutu a rubuta, wannan ma ya fi maki amfani wallahi. Sai da yamma ku haɗa takardun ku fitar da robon da ya fi haɗari. Shi ne direbanku, wato mai sarrafa robonku, zai tare wa hanya, ya rage masa gudu kawai, amma ku karanta doka tukuna don danne robo jikin bango da daɗewa laifi ne, alƙali zai ba abokan hamayya maki.