Idan tsohuwar mota ta ƙi tashi da sanyin safiya a Tawa

Zafin bazara ne ke cin batiri, hunturu kuwa shi ke tona asirinsa. Zafi yana busar da ruwan batiri, sanyin Disamba da Janairu ya rage masa ƙarfi, man inji ya yi kauri.

Fara da mita, na'urar auna wuta. Batirin da ya kwana ba a taɓa shi ba, ya kamata ya nuna volt 12.6, in 12.2 ne, rabin caji ya rage. Lokacin kunna mota kada ya sauka ƙasa da 9.6. Inji na aiki, a ga 13.8 zuwa 14.4, in ba haka ba a duba altanata, mai cajin batiri, da bel ɗinsa. Farin gari a kan kos, inda waya ke kama batiri, yana hana wuta wucewa: a kankare, a ɗaure tam. Ruwan da za a ƙara na batiri ne tatacce, ba na famfo ba.

Batirin da ke mutuwa cikin dare, wani abu ne ke shan wutarsa. Kashe komai, rufe ƙofofi, cire waya mai alamar ragi, ka haɗa mita tsakaninta da batiri a ma'aunin amfiya 10. In ya wuce miliamfiya 50, ciro fis ɗaya bayan ɗaya har ya sauka. Sau da yawa rediyon da aka haɗa kai tsaye ne, ko fitilar but.

Mai gazuwal ya jira fitilar buji mai ɗumama inji ta mutu kafin ya murza makulli. Kada a murza fiye da daƙiƙa 10, demara mai tada inji na ƙonewa.