Yadda ake bin dokar Ostiraliya kafin a tauye motsin mai buƙata ta musamman

Duk kamfanin da ke kula da masu buƙata ta musamman a ƙarƙashin NDIS, shirin gwamnatin Ostiraliya na tallafa musu, dokar 2018 ta gindaya masa sharuɗɗa kafin ya hana mutum motsi ko ya tauye masa wani 'yanci.

Da farko, ka san abin da dokar ke kira tauyewa. Iri biyar ne: keɓe mutum shi kaɗai a wurin da ba zai iya fita ba, ba shi magani don a sauya halayensa ba don jinyar wata cuta ba, ɗaure shi da wani abu, riƙe shi da ƙarfin hannu, da kuma hana shi kaiwa ga wani wuri ko kayansa. A na ƙarshen nan ake yawan tuntuɓe. Ma'aikaci ya sa wa firiji kwaɗo don kada mai ciwon sukari ya ci abin da zai cutar da shi, yana ganin alheri ya yi. Niyyarsa mai kyau ce, amma a idon doka tauyewa ce, kuma a ganina haka ya dace, domin gidan na mutumin ne.

Na biyu, kamfanin ya yi rajista da hukumar da ke sa ido kan ingancin ayyukan NDIS. Wanda ba shi da rajista ba shi da hurumin yin wannan aiki.

Na uku, a nemo ƙwararren da hukumar ta amince da shi ya rubuta tsarin tallafa wa halayen mutumin: na wucin gadi cikin wata 1, cikakke cikin wata 6, a kuma sake duba shi aƙalla duk wata 12. A zauna da mutumin da danginsa. Sau da yawa wanda ke dukan kansa da bango ciwon haƙori ne ke damunsa, ko hayaniya, ya kuma rasa bakin faɗa. Idan aka gano dalilin, ɗaurin ma ba ya tasowa. Tsarin ya nuna cewa sai an rasa wata dabara ake tauyewa, da mafi sauƙinta, na ɗan gajeren lokaci, ya kuma fayyace yadda za a rage ta har a daina.

Na huɗu, a karɓi izini daga jihar da ake aiki, domin kowace da tsarinta. A jihar Kwinsland, alal misali, QCAT, kotun jihar mai duba al'amuran farar hula da na gudanarwa, ce ke amincewa da keɓe mutum.

Sai rahoto. Kowane wata a sanar da hukumar yadda aka yi amfani da abin da aka ba da izini, ko da ba a yi ba sam. Idan gaggawa ta sa aka riƙe mutum ba da izini ba, a kai rahoto cikin kwanakin aiki 5. In ya ji mummunan rauni, cikin awa 24. A rubuta dalili, lokaci, wanda ya yi da abin da aka gwada tukuna, a adana takardun shekara 7.