Yadda ake harbi da tsohuwar bindiga mai baki biyu da gajeren ɗakin harsashi

A wasu gidajen maharba na Kumasi a Ghana da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har yanzu ana samun tsofaffin bindigogi masu baki biyu, ƙirar Ingila ko Beljiyam, waɗanda aka gada daga iyaye da kakanni. Da yawansu suna iya ci gaba da aiki shekaru masu yawa, amma sai mai su ya riƙe abu guda: shigar harsashi cikin bindiga ba hujja ba ce cewa harsashin nata ne.

Tsawon da ake rubutawa a kwalin harsashi tsawon kwanso ne bayan an harba shi, wato bayan bakinsa da aka naɗe ya buɗe. Yawancin tsofaffin bindigogin Ingila masu lamba 12 (lamba ita ce ma'aunin faɗin bututu, ƙaramar lamba ta fi faɗi) an yi ɗakin harsashinsu, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, a kan inci 2½, wanda ake rubutawa milimita 65, alhali harsashin da ya fi yawa a kasuwa yau na milimita 70 ne. Idan ka sa shi zai zauna daram, bindiga ta rufe lafiya, domin bakinsa yana naɗe. Sai an ja kunama ne bakin kwanson zai nemi wurin buɗewa ya rasa, ya shimfiɗe a cikin maƙogwaron da ke haɗa ɗakin harsashi da bututu, hanya ta ƙuntata, matsi ya ƙaru. Ga shi kuma dogon harsashi na zamani tun asali an cika shi ne domin bindigar da aka gwada da matsi mafi girma. Lamarin ya fi tsanani a lamba 10, wadda faɗin bakinta ya kai kusan milimita 19.7, sama da 18.5 na lamba 12. Tsofaffin lamba 10 suna da ɗaki na inci 2⅝ ko 2⅞, shi kuwa harsashin lamba 10 na yau inci 3½ ne, wanda ya fito a Amurka a 1932, kuma ba shi da wata alaƙa da bindigar da aka ƙera kafin zuwansa sai sunan lamba.

Saboda haka aikin farko shi ne karanta tambarin gwaji. Ka tabbatar bindigar ba ta da harsashi, ka cire itacen da ke ƙarƙashin bututu, ka raba bututun da jiki, ka kifa shi, ka goge shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke kusa da gindinsa da tsumma mai ɗan mai. A nan gidajen gwaji, masu gwada ƙarfin bindiga kafin a sayar da ita, suke buga hatiminsu. Na Birmingham an kafa shi a 1813, akwai kuma na Landan wanda ya girme shi, da na Liege a Beljiyam mai haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Tun daga 1925 dokar gwaji ta Ingila ta sa a riƙa buga tsawon ɗakin harsashi a jikin bindiga, don haka idan ba ka ga tsawon ba, akwai alamar cewa bindigar ta riga wannan shekarar. Idan ka ga kalmomin NOT FOR BALL, an gwada ta ne tsakanin 1875 da 1887. Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne ka nemi kalmomin NITRO PROOF ko haruffan NP ko BNP, a ta Beljiyam kuma hoton zaki a kan haruffan PV. Idan babu su, ba a taɓa gwada bindigar da albarushin zamani marar hayaƙi ba, baƙin albarushi kaɗai ta sani, kuma ra'ayina shi ne kada a sa mata harsashin kanti ko guda.

Tambari yana faɗin halin da bindiga take ciki ne a ranar da aka buga shi, ba yau ba. Shekara ɗari a ƙasa mai damina biyu da laima irin ta Kumasi ba ƙaramin abu ba ne ga ƙarfe. Ka ɗaga bututun ka leƙa ta cikinsa wajen haske, ka nemi ramukan tsatsa, da loɓawa, da kumburi mai kama da zobe. Ka rataye shi da yatsa ta ƙugiyarsa ka ƙwanƙwasa shi da farce: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai tsawo, wanda sandar da ke tsakanin bututun biyu ta fara rabuwa da shi kuwa yana yin gajeren sauti marar daɗi. Sannan ka haɗa bindigar ba tare da itacen gaba ba, ka riƙe ta ta gindi ka girgiza, idan ka ji motsi tsakanin bututu da jiki to ta saki, sai an ɗaure ta. Bututun Damaskas, wanda ake gane shi da zanen da ya murɗe a jikinsa, an yi shi ne da igiyoyin ƙarfe da aka naɗe a kan sanda aka haɗa da wuta, kuma tsatsa tana iya ɓuya a cikin haɗin inda ido ba ya kaiwa. Kaurin bango da tsawon ɗaki kuwa sai da ma'auni na musamman, kuma masu wannan sana'a a Ingila ba sa son bangon da ya yi ƙasa da kimanin rabin milimita.

A nan ne nake jin tsoron wata shawara da ake yawan bayarwa, cewa a kai bindigar wurin mai injin ƙarfe ya ƙara zurfin ɗakin don ta ci milimita 70. Muna da gwanayen ƙarfe a wannan gari, babu musu, amma ƙara zurfi yana cire ƙarfe ne daidai wurin da matsi ya fi yawa, kuma ko a Ingila bindigar da aka yi wa haka ta fita daga gwajinta, sai an sake kai ta gidan gwaji kafin a sayar. Haka nan yanke bakin dogon harsashi da wuƙa ba ya rage albarushin da ke cikinsa. Hanyar da ta dace ita ce neman harsashin da ya yi daidai da ita ta hannun dila mai lasisi. Kamfanoni irin su Eley da Gamebore da Hull suna yin na milimita 65 don lamba 12, RST ta Amurka kuma an san ta da gajerun harsasan lamba 10. Idan ba a samu ba, gara bindigar ta huta a ma'ajiya.

Wajen nauyin ƙwayoyin darmar da ke cikin harsashi, giram 28 zuwa 30 ya ishi lamba 12 a farauta, gajeriyar lamba 10 kuma an saba da giram 32 zuwa 36. Akwai tsohon lissafin maƙeran Ingila da ke cewa bindiga ta ninka nauyin ƙwayoyin da take harbawa sau 96, shi ya sa lamba 10 mai kilo huɗu ko fiye ba ta dukan kafaɗa da matsakaicin harsashi. Kada a sa ƙwayoyin ƙarfe, domin ba sa lanƙwasuwa kamar darma, suna kumbura ƙuntataccen bakin tsohon bututu. Kada kuma a haɗa harsasai masu lamba daban a aljihu ɗaya: na lamba 20 yana zarcewa cikin bututun lamba 12 ya maƙale, idan aka ɗora wani a bayansa bututun yana fashewa.

Kafin a fita daji, ka kafa babbar takarda a nisan kamar mita 35, ka harbi tsakiyarta da kowane bututu daban. Kunamar gaba tana harba na dama, wanda yawanci ya fi buɗewa don abin da ke kusa, ta baya kuma tana harba na hagu mai ƙuntataccen baki. Tsofaffin bindigogi sukan kasance da gindi mai sunkuyawa ƙasa fiye da na zamani, saboda haka takardar ce za ta nuna maka inda ya kamata kuncinka ya zauna.

Faifan yumɓu da ake jefawa sama a harba don koyo, mai faɗin milimita 110, shi ne hanya mafi kyau ta sabawa da nauyin bindigar. Ana iya jefa shi da majefin hannu a fili mai izini, da sharaɗin babu gida ko gona ko hanya a cikin mita 300 ta gaba, a kuma kare ido da kunne. Harsashi mai sauƙi, giram 21 zuwa 24 a lamba 12, ya wadatar, kuma yana tausaya wa tsohon itace da ya sha mai. Bindiga mai nauyi tana jinkirin tashi, amma idan ta tashi ba ta son tsayawa, don haka ka fara motsi daga ƙugu tun kafin gindin ya iso kafaɗa, ka bi faifan daga baya, ka wuce shi, ka ja kunama hannu yana ci gaba da tafiya. Wannan motsin ne za ka yi amfani da shi ga makwarwa da zabon daji idan suka tashi. Wanda bindigarsa ke da gudumomin buga harsashi a waje kada ya ɗaga su sai lokacin harbi, kuma a tsallaka rafi ko rami bindiga tana buɗe, ba harsashi.

Bindigar gado ma tana bukatar lasisin 'yan sanda da sunan wanda yake riƙe da ita, a kuma sabunta shi kowace shekara, ban da lasisin farauta daga Sashen Namun Daji na Hukumar Gandun Daji. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a Ghana, sai gyazbi kaɗai, wanda Asantawa ke kira akrantie, shi ma da lasisi. Wuraren da aka keɓe kamar Owabi da Bomfobiri ba a harbi a cikinsu ko wane wata.

Da an dawo gida a wanke bututun a ranar, ba washegari ba. Idan baƙin albarushi aka harba, tokarsa tana jan laima, sai an bi ta da ruwan zafi, a busar sarai, sannan a shafa mai kaɗan. A jingine bindigar bakinta yana kallon ƙasa don kada man ya gangara cikin itace ya ruɓar da shi, a kulle ta a wuri busasshe, harsasai kuma a wata ma'ajiya daban inda yara ba sa kaiwa.