Yadda ake halartar wasan kiɗan rock a buɗaɗɗen fili

Wanda zai je kallon makaɗan rock (salon kiɗan Turawa mai ƙarar jita da ganguna) a fili a karon farko yakan ɗauka cewa babbar nasara ita ce ya kutsa har gaban dandamali, inda zai ga zufar mai kaɗa jita da idonsa. A ganina wannan tunani shi ne ya fi ɓata wa sababbin 'yan kallo rana, domin wurin da mutum ya zaɓa ya tsaya shi ke tantance irin sautin da zai ji, da yawan matsin da zai sha, da kuma saurin fitarsa idan wani abu ya taso.

Shiri yana farawa ne tun daga tikiti. A saye shi daga hannun masu shirya wasan ko wakilin da suka ambata, domin yawancin tikitin yanzu lamba ce a waya da ake haskawa a ƙofa sau ɗaya tak, kuma ɗan damfara yana iya sayar da hoton lamba guda ga mutane da yawa. Wasu manyan bukukuwa, irin na Glastonbury da ake yi a yankin Somerset na Ingila tun 1970, har hoton mai tikitin suke bugawa a jikinsa, saboda haka na wani ba ya shigar da wani. A sauke tikitin cikin waya tun daga gida, domin idan dubban mutane suka taru a wuri ɗaya intanet yakan yi nauyi ko ya ɗauke gaba ɗaya. A kuma karanta dokokin filin, musamman girman jakar da aka yarda a shiga da ita da batun gorar ruwa, tun da wurare da dama suna hana kwalba da lema.

Batun sutura gajere ne. Takalmi sau-ciki mai ƙwari wanda ƙafa ta riga ta saba da shi, hula, rigar ruwa mai naɗewa, da wata riga mai ɗan kauri don sanyin dare. Silifa ba ta da wurin zama a nan, domin za a taka mutum ba adadi, kuma idan ruwan sama ya sauka filin ciyawa yakan zama taɓo cikin ɗan lokaci.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne kunne. Ƙarar lasifika a irin wannan wasa takan kai desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), wani lokaci ta haura, alhali ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke amfani da shi ya nuna cewa kunne yana jure desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Idan aka bi lissafin, a desibel 100 kunne ba shi da fiye da minti 15, wasan kuwa yakan ɗauki awoyi. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta nemi wuraren kiɗa kada matsakaicin ƙararsu ya wuce desibel 100, ta kuma nemi a samar wa 'yan kallo abin toshe kunne. Ƙwayoyin da ke karɓar sauti a can cikin kunne ba sa sake tsirowa idan sun lalace, wannan ya sa lahanin yake zama na dindindin.

Abin toshe kunne na soso yana da araha kuma yana aiki, matuƙar an saka shi daidai. A murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, a zagaya ɗaya hannun ta bayan kai a ja saman kunnen sama, a tura shi ciki, sannan a riƙe shi da ɗan yatsa na kusan rabin minti har ya kumbura ya cika ramin. Wanda ya manna shi a bakin kunne kawai bai yi komai ba. Akwai kuma irin wanda makaɗa suke sakawa, mai matatar da ke rage ƙara ba tare da ta dusashe kiɗan ba, kuma duk mai niyyar zuwa irin wannan wasa fiye da sau ɗaya shi ya kamata ya nema.

Da shiga filin, a nemi rumfar da ke tsakiya tana fuskantar dandamali, inda injiniyan sauti yake zaune da na'urorinsa. Daga nan yake daidaita muryar mawaƙi da jita da ganguna, kuma da abin da kunnensa ya ji a wurin yake aiki, don haka kusa da shi ne kiɗan ya fi fita tsaf. A gaban dandamali kuwa, sau da yawa dukan ganga da gurnanin babbar lasifika ne suke danne komai. Rumfar tana da wani amfani kuma: alama ce da ba ta ɓacewa, wadda abokan tafiya za su iya ajiyewa a matsayin mahaɗa idan an rabu kuma waya ta ƙi shiga.

Wanda duk da haka zuciyarsa take gaba, ya san abin da zai tarar. A can ne 'yan kallo suke buɗe da'ira su riƙa tsalle suna bangazar juna da kafaɗa, kuma duk da kamannin faɗa da abin yake da shi, yana da ƙa'idar da kowa ya sani: wanda ya faɗi, a ɗaga shi nan take, wanda kuma ba ya so, kada a ja shi ciki. Haɗarin gaske yana cikin cunkoson da ke kan shingen da ya raba 'yan kallo da dandamali. A shekarar 2000, a bikin Roskilde na ƙasar Denmark, mutum 9 sun rasu a turmutsutsun gaban dandamali yayin da ƙungiyar Pearl Jam take wasa, kuma a irin wannan yanayi matsewar ƙirji ce take hana numfashi, ko da mutum yana tsaye. Alamar da za a kula da ita ita ce lokacin da mutum ya kasa ɗaga hannu zuwa fuskarsa, ko ya ji taron yana tafiya da shi ba da son ransa ba. A nan sai ya naɗe hannuwansa a gaban ƙirji don ya bar wa huhunsa sarari, kada ya sunkuya ɗaukar abin da ya faɗi ko da wayarsa ce, kada ya yi kokawa da turin, ya riƙa zamewa gefe a hankali duk lokacin da matsin ya sassauta. Masu tsaron da ke bayan shinge suna ciro duk wanda ya ɗaga musu hannu, kuma babu abin kunya a ciki.

Sararin sama ma yana da nasa hukuncin. A 2011 iska mai ƙarfi ta kayar da dandamali a jihar Indiyana ta Amurka, mutum 7 suka rasa rayukansu, a 2016 kuma tsawa ta jikkata mutane da dama a bikin Rock am Ring na Jamus. Idan aka sanar da dakatar da wasa saboda hadari, a bi umarnin ba tare da gardama ba, a nisanci dandamali da dogayen ƙarafan lasifika da bishiyoyi, a fake a cikin gini ko mota mai rufi. Tanti ba ya kare mutum daga tsawa.

A riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama, a kuma tanadi hanyar komawa gida tun da rana, domin bayan waƙar ƙarshe kowa ƙofa ɗaya yake nufa, kuma jinkirin 'yan mintoci a cikin fili ya fi cusa kai cikin wannan tururuwa. Idan an koma gida kunne yana ƙara ko ji ya dusashe, a ba shi hutu daga duk wata hayaniya na yini ɗaya ko biyu, idan kuma abin ya ci gaba bayan haka, ko ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a garzaya wurin likitan kunne.