Bayan an cire maka turmin ƙarshe: yadda za ka kula da ramin har ya warke

Turmin ƙarshe, wato haƙorin da yake fitowa can ƙuryar baki tsakanin shekara 17 zuwa 25, sau da yawa cire shi ba ya ɗaukar lokaci a wurin likita. Babban aikin sai an koma gida. An cire mini na ƙasa ta hagu a nan Jos, daga baya kuma na yi jinyar ƙanina da aka cire wa nasa. Abin da na fahimta shi ne warkewar duka ta dogara ne da gudan jinin da yake daskarewa a cikin ramin. Shi ne yake rufe ƙashi da jijiya, a ƙarƙashinsa kuma sabon nama yake tsirowa. In ya zauna, ka huta. In ya fita, ka shiga uku.

Audugar da likita ya sa maka, ka cije ta da kyau na minti 30 zuwa 45. Kada ka riƙa cirewa kana dubawa, kuma ka bar hira da mai Keke a hanyar gida. In jinin bai tsaya ba, ka ninke sabuwar auduga ka sake cijewa. In babu, ka jiƙa jakar ganyen shayi irin ta Lipton da ruwan sanyi, ka matse, ka ɗora a wurin, domin baƙin shayi yana taimaka wa jini ya daskare. Yawu mai ɗan ja a ranar farko ba abin tsoro ba ne. Haɗiye shi za ka yi, ko ka goge da tsumma mai tsabta, ban da tofarwa.

A awa 24 na farko ba kurkurar baki, ba zuƙar lemo da tsinke, ba abu mai zafi. Na san wannan na ƙarshen yana da wuya a garin nan, musamman in hunturu ya kankama mutum yana marmarin shayi mai tururi. Ka bari ya huce. Wajen alwala ma ka bi a hankali: kurkurar baki sunna ce a mazhabar Malikiyya, don haka ka ɗan sa ruwa, ka sunkuyar da kai ya zubo da kansa, kada ka kaɗa shi da ƙarfi.

Sigari da shisha kuwa, ina roƙon matasanmu su ji wannan. Zuƙar tana fizgo gudan jinin, hayaƙin kuma yana hana nama haɗewa. A ƙalla kwana 3 ba a taɓa su, in an kai mako ya fi. Ƙanina ya ji sauƙi sai ya bi abokansa shan shisha. Bai daɗe ba ciwo ya taso masa daga muƙamuƙi har cikin kunne, bakinsa yana wari, maganin kashe zafi ya daina yi masa aiki. Ramin ne ya bushe, ƙashi ya fito fili. Irin wannan ya fi faruwa tsakanin kwana na 3 da na 5, kuma ya fi kama turmin ƙasa. Da muka koma, likita ya wanke ramin ya cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, sannan ya samu barci. Wannan ba ya nufin ka daka kanumfari ka cusa da kanka. Kanwa, garin taba, man fetur, duk abin da maƙwabta za su kawo da kyakkyawar niyya, ka yi musu godiya ka ajiye.

Kumburi zai zo, kuma ya fi tsanani a kwana na 2 zuwa na 3. Ka naɗe ƙanƙara ko daskararren fiya wata a tawul, ka ɗora a kunci minti 15 zuwa 20, ka huta kamar haka, ka sake. Bayan kwana 2 sai ka koma tsumma mai ɗumi, yana sassauta muƙamuƙin da ya ƙi buɗewa. Ka kwanta da filo biyu, ka ajiye ƙwallo da ɗaukar kaya mai nauyi na 'yan kwanaki.

Ka sha maganin kashe zafi tun kafin allurar da likita ya kashe wurin da ita ta sake ka. Yawanci paracetamol ne da ibuprofen. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda da mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita, aspirin kuma yana ƙara zubar jini. In an rubuta maka amoxicillin ko Flagyl, ka shanye su yadda aka ce. In ba a rubuta ba, kada ka je kemis ka saya don kawai wani ya sha.

Abinci shi ne inda muka yi sa'a a Jos. Dankalin turawa ga shi nan a Farin Gada: a dafa ya yi luguf, a murƙushe da ɗan man shanu. Piya da ayaba ba sa buƙatar tauna. Kunun gyaɗa ko koko da ya huce, nono, alale mara yaji, dafaffen ƙwai, duk suna riƙe ciki. Fura a dama ta sosai, a sha da cokali. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne ƙananan ƙwayoyi. Gwaten acca yana da taushi, amma ƙwayar acca, kamar shinkafa da riɗi, tana shigewa ramin ta maƙale, don haka ni na bar shi sai da wurin ya fara rufewa. Kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, aya, rake, gasasshiyar masara da goro, a ba su mako ɗaya ko fiye. Ka tauna ta ɗaya ɓangaren, kuma kada ka ci komai leɓenka yana mace, za ka cije kanka ba ka sani ba.

Daga rana ta biyu sai ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi. Ka riƙe a baki, ka karkata kai a hankali, ka bari ya zubo. Ka yi bayan kowane cin abinci har mako guda. Sauran haƙora ka goge su da burushi mai laushi, amma asuwaki da tsinken sakace kada su kusanci ramin, harshe ma ka hana shi lalube. In ka hango wani fari-fari a ciki ba tare da ciwo ba, yawanci sabon nama ne, ka ƙyale shi. In na sama aka cire, kada ka fyace majina da ƙarfi, saiwarsa tana kusa da kogon hanci.

Ka koma wurin wanda ya cire maka, ko sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, in jini ya ƙi tsayawa duk da cije auduga, in ciwo yana ƙaruwa bayan kwana 3, in ga zazzaɓi ko mugunya, ko leɓe da harshe sun kwana ba sa ji. Kumburin da ya gangaro wuya har haɗiya ko numfashi ya yi wuya, wannan ba a jiran gari ya waye. Mai ciwon suga ya fi kowa buƙatar sa ido, domin rauninsa yana jinkirin warkewa. In an yi maka ɗinki, ka tambaya kafin ka fito ko zaren mai narkewa ne ko za ka dawo a cire shi bayan kamar mako ɗaya.