Yadda Magidanci Zai Ci Moriyar Tallafin Jami'ar Karatu Daga Gida a Bauchi

Da yawa daga cikin waɗanda suke shiga karatun digiri ta intanet a Bauchi mutane ne da suka riga suka ɗauki nauyin rayuwa: malaman firamare, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro, 'yan kasuwar Wunti da Muda Lawal, da matan aure da suka ajiye karatu shekaru da dama saboda renon yara. Jami'ar da mutane da dama cikinsu suke nufa ita ce Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NOUN. An kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, kuma hedikwatarta a yau tana Jabi a Abuja. Jami'ar ta tanadi hanyoyin tallafa wa ɗalibi, amma tallafin ba ya bin mutum har gida, sai wanda ya tashi ya neme shi, kuma da wuri. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: tabbatar da shirin, sannan neman izinin wurin aiki

Kafin ka biya ko kwabo, ka tabbata Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta amince wa makarantar ta gudanar da karatu daga nesa, domin ba kowace jami'a ba ce take da wannan izini. Baya ga NOUN, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Maiduguri suna da cibiyoyin karatu daga nesa, malaman makaranta kuma suna da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna. Idan kai ma'aikacin gwamnati ne, ka rubuta takardar neman izinin ƙaro karatu ta hannun shugabanka, ka karɓi amsa a rubuce, ka adana ta. Wanda ya yi sakaci da wannan yana iya kammala karatu lafiya, amma ya sha wahala ranar da ya kawo takardar shaidarsa yana neman a gyara masa matakin albashi.

Mataki na biyu: zuwa cibiyar karatu da ƙafarka

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa tunda karatun na intanet ne, komai a waya zai ƙare. NOUN tana da cibiyar karatu a cikin garin Bauchi, da wasu a Azare da Bogoro, kuma a cibiya ake tantance takardun sabon ɗalibi, a can ake zana jarrabawa, a can kuma ake samun mutumin da a ganina ya fi kowa amfani ga ɗalibi mai iyali, wato jami'in ba ɗalibai shawara.

Ka je wurinsa a makonnin farko, tun kafin wata matsala ta taso, ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki ba tare da jin nauyi ba: irin aikin da kake yi, ko kana aikin dare, shekara nawa rabonka da aji, da kuma sa'o'in da za ka iya warewa a mako. Da wannan bayani ne zai taimake ka ka zaɓi adadin darussan da za ka iya ɗauka. Magidanta da yawa suna cika wa kansu darussa a zangon farko saboda ɗokin gamawa da wuri, sai su faɗi wasu, gwiwarsu ta yi sanyi, daga nan a daina ganinsu. Ɗaukar kaɗan a ci da kyau ya fi, domin tsarin jami'ar ya ba da damar tafiya daidai da ƙarfin mutum. Haka kuma idan haihuwa ta zo, ko rashin lafiya, ko aka yi maka sauyin wurin aiki zuwa wata jiha, wannan jami'i ne zai nuna maka ƙa'idar jinkirta karatu ko komawa wata cibiya, maimakon ka ɓace shiru har rajistarka ta rikice. Ga uwargida da za ta je cibiya, yana da kyau ta tambayi jadawalin jarrabawa tun da wuri, don a shirya wanda zai riƙe mata yara a waɗannan ranaku.

Mataki na uku: riƙe shafinka na ɗalibi a hannunka

Kowane ɗalibi yana da shafinsa a dandalin jami'ar, inda yake zuba kuɗi ta Remita, wato manhajar biyan kuɗi ta intanet, a cikin asusunsa, daga nan a riƙa cire kuɗin rajista. Rajistar kashi uku ce, ta zangon karatu, ta darussa, da ta jarrabawa, kuma wanda ya yi biyun farko ya manta ta ukun ba zai zauna jarrabawar wannan darasi ba. Mutane da yawa suna miƙa lambar sirrinsu ga mai shagon kwamfuta ya yi musu komai. Babu laifi a nemi taimakonsa a karon farko, amma ka zauna kusa da shi ka ga abin da yake latsawa, ka buga takardun shaidar biya da na rajista ka adana a gida, sannan ka sauya lambar sirrin. Idan kuɗi ya fita bai bayyana a asusunka ba, ko sakamakon wani darasi ya ɓata, jami'ar tana da hanyar shigar da koke ta intanet. Ka rubuta koken a taƙaice da lambar rajistarka da lambar darasin, ka kuma sanar da ma'aikatan cibiya.

Mataki na huɗu: littattafai da darussan kai tsaye

Littattafan darussa suna nan a shafin jami'ar, ana sauke su kyauta. Tunda wutar lantarki ba ta da tabbas, ka sauke duk na zangon a zama ɗaya lokacin da data take da rahusa da dare, ka ajiye su a waya da kuma wani wuri na biyu. Wanda idonsa yake gajiya da karatu a waya, ya buga babi biyu ko uku da yake buƙata a wannan mako kawai. Akwai kuma darussan kai tsaye da malamai suke gabatarwa ta bidiyo bisa jadawali, inda ake yin tambaya a sami amsa nan take. A shekarar farko akwai darasin GST 107, wanda yake koyar da dabarun karatu ga ɗalibin nesa, kuma bai kamata wanda ya daɗe da barin aji ya yi masa riƙon sakainar kashi ba.

Mataki na biyar: aikin TMA

A nan ne ake cin darasi ko a faɗi tun kafin ranar jarrabawa. Kowane darasi yana da aikin gwaji da ake kira TMA, ana yin sa ta intanet, kuma shi ne yake ɗauke da maki 30 cikin 100, jarrabawa ta ɗauki sauran 70. Ana buɗe shi, ana kuma rufe shi a ranar da aka ƙayyade, saboda haka ka rubuta ranakun a inda za ka riƙa ganinsu, ka yi aikin kwanaki kafin wa'adi, domin a ranar ƙarshe cunkoso yakan sa dandalin ya yi nauyi.

Akwai masu tallar amsoshin TMA a zaurukan WhatsApp, kuma ina ba da shawara da babbar murya a guje su. Tambayoyin daga cikin littafin darasi suke fitowa, neman amsarsu da kanka shi ne bitar da za ta tsaya maka a zauren jarrabawa, inda ba mai shiga da waya. Wanda ya sayi maki 30 ya shiga jarrabawa da kai fayau, ga kuma haɗarin hukuncin maguɗi a kan mutumin da yake da mutunci a wurin aiki da cikin unguwa.

Mataki na shida: abokan karatu da mutanen gida

Ka nemi mutum uku ko huɗu da kuke darasi ɗaya, ku riƙa haɗuwa ranar Asabar a cibiya, ko ɗakin karatu na jiha, ko wani ajin makaranta da ba kowa, kowa ya zo da babin da aka ba shi ya yi wa sauran bayani. A gida kuma, ka zauna da iyali ka gaya musu lokacin da ka ware, ko bayan sallar asuba kafin a tashi yara, ko bayan isha'i, domin lokacin da ba a sanar da kowa ba, hidima ce take cinye shi.

Mataki na bakwai: shirin jarrabawa

Ɗaliban aji ɗaya da aji biyu suna zana jarrabawarsu ne a kwamfuta, na gaba da su kuma galibi da biro da takarda. Idan hannunka bai saba da kwamfuta ba, ka samu wani ya zaunar da kai a gabanta sau da yawa kafin lokacin, don kada lokacinka ya ƙare wajen laluben maɓallai. Mai nakasar gani ko ta tafiya ya sanar da cibiya a rubuce tun lokacin rajista, don a duba tanadin da za a yi masa. Da zarar jadawalin ƙarshe ya fito, ka duba ko akwai darussanka biyu da suka ci karo a lokaci ɗaya, ka kai rahoto nan da nan, ka nemi hutun waɗannan ranaku a wurin aiki, sannan ka haɗa katin shaidarka na ɗalibi da takardar rajistar jarrabawa wuri guda. Wanda zai taso daga Toro, Alkaleri ko Ningi, idan jarrabawarsa ta safe ce, gara ya kwana a Bauchi.