Yadda na gyara fitilar 4WD da ta ƙi daina ƙiftawa

Bayan na fito daga yashi na hau kwalta, fitilar 4WD ta motata (alamar giyar taimako, mai sa duk tayoyi huɗu su ja) ta ci gaba da ƙiftawa, sitiyari ya yi nauyi, tayoyi kuma suna ƙara a duk kwanar da na sha. Na duba fis na tarar lafiyarsa ƙalau, na cire kan batir na mayar, amma babu abin da ya sauya.

Ashe giyar taimako ce ba ta saki ba, domin kwalta ba ta barin tayoyi su ɗan zame kamar a yashi, sai ƙarafan ciki su ɗaure. Na tsayar da motar cak, na taka birki, na sa giya a N, sannan na murɗa maɓallin giyar taimako daga L4 (tayoyi huɗu, ƙaramin gudu) zuwa H4 (tayoyi huɗu, gudun da aka saba), na jira har alamar 4LO, mai nuna mota tana L4, ta mutu. Daga nan na kai shi H2 (tayoyi biyu kawai ke ja), na miƙe sitiyari, na yi baya a hankali na 'yan mitoci. Sai na ji wata 'yar ƙara daga ƙasa, fitilar ta ɗauke. Alamar VSC OFF (mai nuna na'urar hana mota zamewa a kashe take), wadda dama takan kunna kanta a L4, ita ma ta mutu. Alhamdu lillahi, hankalina ya kwanta.